Gadon Ƙyalesu

Rugar Jauro Mamuda, kusa da Gwiwa
Farkon watan Yuni

Zuwa ga Kawu Jalaluddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da karatunka. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka, an yi shuka, shanu sun fara samun ɗanyar ciyawa. Kakata Inna Dela tana fama da gwiwarta kamar kullum, ta ce in tuna maka da man zafin da ka yi mata alkawari. Baffa Mamuda yana gaishe ka. Sakamakon jarrabawata bai fito ba tukuna.

Ka san nan ba a samun sabis ɗin waya. Maikasuwa, mai babur ɗin da ke kai mana nono Kazaure, shi zai ɗauki hoton takardar da wayarsa ya tura maka. In ka amsa, ya ce zai sa a buga a shago ya kawo mini.

Kawu, maganar Ƙyalesu ce ta sa na rubuto. Ka tuna da ita, doguwar karyarmu da ta hana ka sauka daga babur ranar da ka zo gaishe da Inna. Tun kafin saukar ruwa ta fara ɗingishi da ƙafar gaba ta dama. Mun ɗauka ƙaya ce, muka duba, babu. Yanzu wurin ya kumbura, can ƙasa kusa da dagi, kuma kumburin da tauri kamar dutse. Ba ta bin shanu. Tana kwanciya a bayan rumbu tana wani kuka a hankali.

Lokacin da kake koyar da mu a Roni ka ce mana za ka tafi ƙasar waje ka karanci ciwon dajin ƙashi na karnuka, duk aji muka yi dariya, har da ni. Ka yafe mini dariyar. Shin shi ne ya kama ta?

Akwai kuma 'ya'yanta biyu da ta haifa cikin sanyi, Duna da Sauri. Duna namiji ne, baƙi, mai ci da barci. Sauri mace ce, ta riga ta fara bin maruƙa ba wanda ya koya mata. Ni nake ba su abinci tun da aka yaye su. Masu motar keji, waɗanda ke zuwa kasuwar Gwiwa suna karɓar karnuka su tafi da su kudu, sun taɓa yi wa Baffa magana a kansu, ya kore su. Amma tun da ƙafar uwar ta kumbura na ga yana tsayawa yana kallon 'ya'yan. Kallon nan ba ya yi mini daɗi.

'Yarka,
Nafisat

Pretoria, Afirka ta Kudu
Tsakiyar Yuni

Zuwa ga 'yata Nafisat,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin ganin rubutunki, kuma na lura har yanzu kina manta ɗigon i. Lafiyata ƙalau, sai dai ku kuna damina mu nan muna cikin sanyi mai shiga ƙashi. Ki gaishe da Yaya Mamuda, ki ce wa Inna man zafinta yana cikin akwatina. Dariyar kuwa na yafe tun ranar. Ni ma da ina ajin da na yi.

Ba zan iya yanke hukunci a kan ƙafar da ban taɓa ba. Karaya da ta haɗe a karkace tana kumbura haka, ƙashin da ya yi ruwa ma haka. Amma babbar karya, mai shekaru, kumburi mai tauri a ƙasan ƙafar gaba, wannan shi ne hoton da nake gani kullum a wurin aikina. Ku kai ta wurin likitan dabbobi a Kazaure. Kada ku ba ta maganin ciwon jiki na mutane, yana lalata wa kare ciki da ƙoda. Kuma ki kwantar da hankalin kowa, ciwon nan ba a ɗaukarsa, ko mutum ko dabba.

Tunda kin tambaya, bari in nuna miki abin da ya kawo ni ƙasar nan, don na san ki da son sanin dalili. Kin tuna darasinmu: jiki an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai cikakken littafin gado, rabi daga uwa rabi daga uba. To ga tambayar da ban ba ku amsarta a aji ba. In littafi ɗaya ne a ƙwayar ido da ƙwayar ƙashi, me ya sa ido bai zama ƙashi ba?

Amsar ita ce ba duk shafuka ake karantawa ba. Kowace ƙwaya tana da wasu 'yan alamomi da ke maƙale a saman rubutun. Wasu suna manne shafi ya rufu, wasu suna buɗe shi. Rubutun bai canza ba, abin da ake karantawa ne ya canza. Ƙwayar ƙashi tana buɗe shafukan ƙashi, ta manne na ido.

A cikin shafukan akwai masu cewa ƙwaya, "Tsaya haka, kin hayayyafa ya isa." A ƙashin da ciwon daji ya kama, sau da yawa mukan tarar an manne irin waɗannan shafuka, ko kuma mai sa alamomin kansa ya lalace yana mannawa inda bai kamata ba. Sai ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba mai tsawata mata. Aikina shi ne in karɓi ɗan guntun ƙashi daga karnukan da aka yi wa aiki, in duba inda aka manne da inda aka buɗe. Abin da ke sa ni zumuɗi, Nafisat, shi ne rubutun da ya goge da wuya a maido shi, amma shafin da aka manne ana iya neman hanyar ɓamɓare shi. Ana gwada magunguna a kan haka, ba a kai ga gaci ba tukuna. Kuma ciwon nan na karnuka ya yi kama ƙwarai da wanda ke kama ƙashin samari da 'yan mata, don haka abin da kare ya koya mana yana iya amfanar ɗan wani.

Turawa suna da wata doguwar kalma ga wannan ilimi, ma'anarta abin da ke bisa gado. Na daɗe ina nema masa sunan Hausa, daga ƙarshe na raɗa masa kan-gado. Ina alfahari da sunan, domin ƙwayar da alamominta suka rikice ai da gaske ba ta da kan gado. Saboda haka in kina son maganar a dunƙule, ciwon Ƙyalesu, in shi ne, yana kan gado.

Ki karanta wa Yaya, ki rubuto mini abin da likita ya ce.

Kawunki,
Jalaluddeen

Rugar Jauro Mamuda
Ƙarshen Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya, sai Ƙyalesu. Zan taƙaita gaisuwar don akwai matsala, kuma ni na jawo rabinta.

Mun kai ta Kazaure a bayan a-kori-kura. Likita ya lallatsa ƙafar, ya saurari ƙirjinta, ya ce sai an je Kano za a ɗauki hoton ƙashin, amma shi a ganinsa abin da ka faɗa ne, kuma yana jin ya fara taɓa huhu. Ya ba da maganin rage zafi. Tana samun barci yanzu.

Takardarka na karanta ta bayan la'asar a gindin tsamiya, Baffa yana gyaran igiyar maruƙa, Inna tana tsince gero. Tun ina shafi na farko Baffa ya ce, "Ƙwaya, ƙwaya. Ke tsallake, je ki ƙarshe inda ya faɗi magana." Sai na je ƙarshe. Kawu, kalmar gado a boko rubutunta ɗaya, ko na kwanciya ko na iyaye. Ni kuma bakina ya riga hankalina, na karanta ta a gajarce, kamar gadon kwanciya.

Inna ta ajiye faifai ta ce, "Ai na faɗa muku. Wannan ruɓaɓɓen buhun da take kwanciya a kai." Kafin in buɗe baki ta miƙe, gwiwar da ke ciwo ta warke nan take, ta ja buhun da harawar da ke ƙasansa da sanda ta cinna musu wuta. Ta dawo tana tambayata ko karyar ta taɓa hawa tabarmata.

Baffa bai yi dariya ba. Ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya ce, "Mutum ba zai rubuto daga wata ƙasa don ya yi maganar shimfiɗar kare ba. Gaado yake nufi." Ya ja kalmar sosai. Na ce i, haka ne, amma ba irin wannan gadon ba, kan gado ka ce, wato samansa. Ya ce, "In an ce mutum yana kan doki, a ina yake? Ciwon yana kan gado, gado ne ke ɗauke da shi."

Na yi ƙoƙarin komawa wurin shafuka da alamomi. Ya ɗaga mini hannu. Ya ce saniyar da ke haifar maruƙa masu laulayi ba a barin irinta a garke, wannan ba sai an je makaranta ba. Sannan ya faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai. Ya ce, "Na ji kukan uwar. Ba zan rene su, su saba da ni, in zauna in ji na 'ya'yan ba."

Ya aika wa masu motar keji cewa in sun zo kasuwar Gwiwa su biyo ta nan. Ya ce ba ya son ko sisinsu, kuɗin kare ba ya shiga aljihunsa, su ɗauka kawai. Ba a san ranar zuwansu ba, sukan zo sau ɗaya ko biyu a damina.

Kawu, kowa ya san inda karnukan motar keji suke ƙarewa. In da gaske gado ne, ka faɗa mini in haƙura. In ba shi ba ne, ka rubuto da maganar da Baffa zai ji. Ni ba ya jin tawa, yana ganin tausayi ne ke magana.

Nafisat

Rugar Jauro Mamuda
Tsakiyar Yuli

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Kullum Maikasuwa ya dawo sai in tare shi a bakin hanya, ya ce babu komai, ya yi gaba da sauri.

Na yi ta tunani ko ka ji haushi ne. Ka zauna ka yi mini bayani mai kyau, ka raɗa suna da kanka, ni kuma na mayar da shi gadon kwanciya a gaban mutane. In wannan ne, ka yi haƙuri, ka hukunta ni daga baya. Ko kuwa shirun naka amsa ce, Baffa ne ke da gaskiya ba ka son faɗa mini? Shi haka ya fassara. Ya ce, "Da na yi kuskure da Malam Jalalu ya gyara."

An ga motar keji a wajen Babura. Ƙyalesu ta daina taka ƙafar gaba ɗaya, ta rame, ta fara tari. Sauri takan kwanta kusa da ita. Duna ya cinye wa Inna takalmi ƙafa ɗaya.

Sakamako ya fito, na ci duka. Ban iya yin murna ba.

Nafisat

Pretoria
Ƙarshen Yuli

'Yata Nafisat,

Yau da safe takardunki biyu suka shigo tare. Maikasuwa ya haɗa da saƙon murya yana ba da haƙuri. Wayarsa ce ta faɗa ruwa a mashigin rafi, ya kai gyara, ya ji nauyin gaya miki, ya yi ta ajiye takardun cikin leda a ƙarƙashin kujerar babur. Kada ki yi masa faɗa da yawa.

Ban ji haushi ba, ko kaɗan. Karatunki ba shi da laifi, sunan da na raɗa ne ya yi wayo da yawa. Na so ya ba ki dariya, ban tuna da wanda zai ji shi a gindin tsamiya ba. Barka da sakamako, wannan murnar za mu yi ta yadda ya kamata, ba yau ba.

Ga takarda ta biyu, ta Yaya ce. Na rubuta ta da ajami da hannuna don ya karanta da idonsa, ba sai an karanta masa ba. Na roƙi Maikasuwa ya buga ta ya kawo yau, ko da ruwa ake yi. Ki miƙa masa, ki bar wurin.

Kawunki

Zuwa ga Yaya Jauro Mamuda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa. Yaya iyali, yaya garke, yaya ruwa? Allah ya sa a kwashe lafiya. Ka yi haƙuri da hannuna, rabona da ajami tun ina gaban Malam a Kazaure.

Yaya, maganar da ka ji daga takardata ba ita na nufa ba, kuma laifin bakina ne. Ina roƙon ka dakatar da masu mota har ka gama karanta wannan.

Ka tuna yadda aka koya mana karatu. Aka fara da babbaƙu, sannan aka shiga farfaru. Rubuta kaf da ra da alif. In ka sa fataha a kan kaf, kara ka rubuta. In ka sa kisira a ƙasansa, kira ka rubuta. Baƙaƙen ba su motsa ba, wasali ne ya sauya, magana ta zama wata.

Abin da uwa da uba suke ba ɗa, mutum ko dabba, kamar babbaƙu ne. Shi ne gado. Amma jiki ba ya iya karanta babbaƙu sai da farfaru, kuma farfarun nan kowane sashe na jiki yana sa nasa. Baƙaƙen da ke ido su ne a ƙashi, wasullan ne daban. Dabba tana girma, tana tsufa, jiki yana ta sake kwafar rubutun, sai wata rana a wani ɗan wuri a yi kuskure. Wasali ya faɗa inda ba nasa ba, wani lokaci har baƙi ya goge. Inda aka rubuta wa ƙashi ya tsaya, sai ya karanta ya ci gaba. Kumburin ke nan.

Wannan kuskuren a ƙashin ƙafar Ƙyalesu ya faru, a cikin tsufanta. Ba daga ƙafa take ba 'ya'yanta gado ba. Kuma a iya abin da muka sani, in za a halicci sabon ɗa, akan wanke mafi yawan farfarun iyaye kamar yadda ake wanke allo, a sa sababbi. Wannan nake nufi da kan gado: abin da aka ɗora a sama, ba gadon kansa ba.

Ba zan ɓoye maka sauran ba, don kai ba a yi maka rabin magana. Akwai abin da suka gada. Sun gaji tsawo da girman ƙashi, kuma dogayen manyan karnuka sun fi ƙanana kamuwa da ciwon nan, wasu zuriyar ma sun fi wasu. Saboda haka ba zan rantse maka cewa Duna da Sauri ba za su taɓa yin sa ba. Wannan sanin na Allah ne. Abin da zan iya faɗa, bisa karnukan da aka bi tarihinsu, shi ne mafi yawan 'ya'yan irin wannan uwa suna tsufa ba su yi shi ba. Wanda ya yi ma, galibi sai bayan ya yi shekaru yana aiki. Ƙyalesu ta tsare maka garke tun Nafisat tana firamare. Da ka san ƙarshenta tun tana kwikwiyo, da ka ba da ita?

Maganarka ta saniya gaskiya ce a inda laulayi ke bin maruƙa ɗaya bayan ɗaya. A nan uwa ɗaya ce ta yi ciwo a tsufanta. Na kuma ji dalilinka na biyu, na kukan uwar, ni ma ina jin kukan nan a wurin aiki, ban saba da shi ba har yau. Sai dai in an lura da wuri, akwai abin da likita zai iya yi don rage wahala.

Hukunci naka ne, garke naka ne. Na dai so ka yanke shi a kan abin da na sani, ba a kan kalmar da na karkata ba.

Ƙaninka,
Jalaluddeen

Rugar Jauro Mamuda
Farkon Agusta

Kawu,

Ina gaisuwa. Mutane lafiya, gero ya fara fitar da kai.

Maikasuwa ya iso da takardarka a jiƙe sharkaf, shi da ita, amma ana iya karantawa. Sai dai motar ta riga shi. Ta zo da hantsin ranar da ta gabata.

Ina wajen rijiya na ji ƙarar mota. Kafin in iso sun sa wa Duna igiya a wuya. Bai ma yi gardama ba, yana kaɗa wutsiya, ya ɗauka abinci za a ba shi. Sauri ba ta gida, ta bi maruƙa fadama tun safe. Mutanen suka ce ba za su jira ba, hadari yana haɗuwa, in sun sake biyowa ƙarshen damina za su ɗauke ta. Baffa ya ce to. Ban yi kuka a gabansu ba. Inna ce ta shiga ɗaki ta daɗe, ita da ke cewa da ma a raba ta da ɓarawon takalmi.

Washegari na miƙa wa Baffa takardarka na bar wurin kamar yadda ka ce, amma ina hangensa daga bakin rumbu. Ya karanta yana bi da yatsa. Da ya kai wani wuri sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya rubuta wani abu da tsinke, ya duba, ya goge, ya sake rubutawa. Da ya gama ya ninke ta ya sa a aljihu. Da sassafe ya sa Maikasuwa ya kai shi Gwiwa. Maikasuwa ya ce mini sun zaga tasha da bayan kasuwa suna tambayar motar keji, aka ce ta kama hanyar Kano tun jiya.

Ƙyalesu ta mutu bayan kwana kaɗan. Numfashi ne ya gagare ta. Baffa ya aika a kira likita ya zo ya hutar da ita, kafin ya iso ta cika da kanta. Mun binne ta a bayan fadama, inda ba a noma.

Ban san me zai faru da Sauri ba. Baffa bai ce ya fasa ba, bai ce bai fasa ba. Ni kuma in na sami gurbin karatu, kafin ƙarshen damina na tafi. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce ba da ni zai yi maganar ba, da wanda ya rubuto masa zai yi. Ya karɓi biro da takarda a wurina. Ga tasa nan a haɗe, ban karanta ba, ya manne ta da ƙaro, na ce wa Maikasuwa shi ya buɗe ya ɗauki hoto.

Ina da tambayoyi a kan alamomin nan, musamman abin da ke sa su faɗa inda ba nasu ba. Zan tara su sai na sami natsuwa.

'Yarka,
Nafisat

Daga Mamuda zuwa ga Malam Jalalu,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa. Iyali lafiya, garke lafiya, ruwa ya yi gyara. Ajaminka ba laifi, sai dai kana tsawaita wutsiyar ra.

Na karanta, na gane. Na rubuta kara da kira a ƙasa na gani da idona. Da wannan ka fara aikowa da ba a yi haka ba. Da ni ma na bar yarinya ta karanta daga farko da ba a yi haka ba. Baƙin karen ya tafi. Na bi sawu ban samu ba.

Ka tambaye ni ko da na san ƙarshen uwar da na ba da ita tun tana ƙarama. Na kwana biyu da tambayar nan. Da ban bayar ba.

Na ji ka ce ba za ka rantse ba. Da ka rantse da ban yarda da sauran ba.

Macen tana nan. Na aika wa masu mota kada su biyo.

Nafisat za ta tafi makaranta in Allah ya yarda, kuma ita ce mai duba su. Tun da nake ban taɓa sa hannuna a jikin kare ba, sanda da murya nake yi musu. Yanzu sai na koya. Ka ce in an lura da wuri akwai abin yi. To ka zana mini ƙafar, ta gaba da ta baya, ka sa alama a wuraren da zan riƙa latsawa, ka rubuta daga wace shekara zan fara, da abin da yatsana zai ji in lafiya, da abin da zai ji in ba lafiya ba.

Ka zana da girma. Idona ba kamar da ba.

Wanka,
Mamuda